Zagin da Na Yi Wa Dariya

Lokacin da na faɗa shagon askin da ƙanena ke aiki, har sun ja tawul za su rufe masa fuska. Yana yashe tsakanin kujeru, leɓɓansa sun yi shuɗi, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura. Ƙwayoyin nan da yake sha ne dai.

"Sai haƙuri, Yaya," in ji maigidansa. "Ya cika."

"Matsa min. Kira motar asibiti!"

Na zazzage jakata a kan gashin da ke ƙasa. Ga maganin karya gubar ƙwaya da wata ma'aikaciyar jinya ta ba ni. Na fesa masa a hanci, na hau hura masa iska a baki. Shiru. Na ɓare magani na biyu, na sake fesa masa.

Sai ƙirjinsa ya ɗaga. Ya ja wani dogon numfashi, ya buɗe ido, ya ture ni.

"Wa ya sa ki? Uwar shisshigi."

"Kwanta, asibiti za mu. Maganin zai sake ka kafin gubar ta bar jikinka."

Ya dinga zagina, ni kuwa ina ta dariya har da hawaye. Tun rasuwar Inna ko sannu bai ce min ba.