Robar Taya a Jirgin Kafili

Karo na uku ke nan Lado yana naɗe bututun ruwa da robar taya, a cikin jirgin ruwan da yake gadi, yake kuma kwana a ciki, na kafilinsa, wato Balaraben da ya ɗauko shi aiki. Akwai sabon bututu a shagunan unguwar Khumra, amma ba ya yin nisa da bakin teku, don iƙamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar, ta daɗe da mutuwa.

Sajida, wadda yake nema da aure, ta tsaya a ƙofa, gefen abayarta duk ya jiƙe. Ya dube ta, ya sunkuyar da kai.

"Baba ya ce ka zo gidanmu a Madain Fahd ranar Juma'a, ya gan ka da idonsa. In ba ka zo ba, halas, magana ta ƙare."

"Kin san shingayen 'yan sanda da ke hanya. In suka kama ni, sai dai ki ji ni a Katsina."

"Na sani. Na gaji ne, Lado."

Ta ciro sabon bututu daga jakarta, ta ajiye kusa da gwiwarsa.

"Wannan na iya kawo maka. Baba kuwa ba ya shiga jaka."

Ya daɗe yana kallon ruwan da ke ɗiga. Sannan ya fara warware robar a hankali.

"Kafin sallah ya ce, ko bayan sallah?"