Da Sauƙi

Ranar da maganin sabuwar korona ya iso, Tabawa ta bar mijinta, Malam Sallau, yana numfashi da ƙyar, ta tafi asibiti. Kwamfuta ce ta gano maganin, kuma ita ke yanke hukuncin waɗanda za a ba.

Uwani, aminiyarta tun ƙuruciya, ita ke kan teburin rabo. Ita ce ta bi gida-gida tana ɗaukar wa kwamfutar bayanan marasa lafiya.

"Babu sunan unguwarku," in ji Uwani, ko kai ba ta ɗago ba. "Na'ura ta ce ku da kanku kuke warkewa."

"Mu? Gawa bakwai muka fitar a watan nan!"

Uwani ta juyo mata da allon. Gida ɗari biyu, tambaya ɗaya: Ya jiki? Amsa ɗaya: Da sauƙi.

"Haba Uwani! Ke ba Bahaushiya ba ce? Wa aka taɓa yi wa ya jiki ya ce babu sauƙi? Innarki ma, ranar da za ta cika, da sauƙi ta ce mana."

"Abin da aka faɗa aka ce in rubuta."

"Amma kin san abin da muke nufi."

Uwani ta kau da kai, ta kira na gaba.

Tabawa ta dawo gida hannu rabbana. Tana tsakar gida ta ji lasifikar asibiti da aka liƙa a ɗaki, mai kai wa kwamfutar amsar marasa lafiya, ta kunna kanta kamar kullum: "Malam Sallau, ya jiki?"

Ta ruga don ta toshe masa baki, amma ya riga ta.

"Da sauƙi," in ji shi, "alhamdu lillahi."