Kaurin Gashi Biyu

Ranar da Oforiwaa ta fara ganin Nyantakyi, sai da ya sunkuya kafin ya shigo shagon kawunta na haɗa kekunan gora a garin Ejisu, duk da haka kansa ya bugi gorar da aka rataye tana bushewa. Malamin dabbobi ne mai zaga ƙauyukan bakin tafkin Bosomtwe, kuma duk keken kasuwa ya yi masa kaɗan.

"Kawu, a haɗa min wanda gwiwata ba za ta riƙa gaisawa da haɓata ba," ya ce.

"Sai dai mu sare kurmin gora guda saboda kai," in ji Kawu Boadu. "Oforiwaa, ɗauko tsani ki auna shi."

Ita ta auna shi, ita ta zaɓi gorar, ta naɗe gaɓoɓin da zaren rama da gam. Ita kuma ta dasa bututun wuya, guntun ƙarfen nan da kan keke yake juyawa a cikinsa.

A bakin bututun, sama da ƙasa, ake buga kofunan boris, mazaunin ƙwayoyin ƙarfen da kan keken yake juyawa a kansu. Gwangwani biyu ne a kan kantar shagon. Na hagu kofunan Turai, milimita talatin da ɗigo biyu, daidai da bututun da suke sawa, tunda yawancin kekunansu can ake kai su. Na dama na Japan, talatin cif, waɗanda ake cirewa daga kekunan gwanjo. Ido ba ya raba su, don tsakaninsu kaurin gashi biyu ne. Amma in ƙaramin ya shiga babban bututu, zai zauna kamar lafiya, sai an yi 'yan kwanaki ya fara rawa. Oforiwaa da yatsa take gane su, kuma tun da ta fara aiki ba ta taɓa kuskuren awo ba.

Asabar ta gaba Nyantakyi ya dawo, wuyan keken yana ƙwas-ƙwas.

"Yarinyar Kawu, ganga kika haɗa min ko keke? Awaki tun daga nesa suke sanin na taho da allura."

Ta cire kofunan ta buga wasu, shi kuma ya zauna a kan benci yana ba ta labarin wata tunkiya da ta cinye masa hula. Wata Asabar ɗin ya sake dawowa, da soyayyar ayaba mai citta a ƙunshe cikin ganye. Haka abin ya zama. Ran Juma'a ta yi kitso, ran Asabar ta yi gyara.

Abin ya tsaya wa Kawu Boadu a rai. Ya auna bututun, ya same shi daidai. Ya zargi ramukan hanya, ya zargi nauyin mutumin. Kofunan kuwa bai taɓa dubawa ba, tunda daga hannun Oforiwaa suke fitowa. A ƙarshe ya hau mota zuwa Kumasi, ya yi kaca-kaca da tsohon abokinsa mai sayar masa da bututu. Da ya dawo, ko sakwara bai taɓa ba. Ita ma ba ta iya ci ba. Ta buɗe baki za ta yi magana, ta tuna gobe Asabar, ta rufe.

Ran Asabar ɗin Nyantakyi bai zo ba. Wajen azahar wani direba ya sauke keken a ƙofar shago, tayar gaba a lanƙwashe. A gangaren da ke sauka tafki ne, in ji shi. Mutumin ya matse birki, kan keken ya kama kaɗawa, ya watsar da shi cikin duwatsu.

Kawu ya cire allon sunansa daga bango. "In abin da na haɗa yana karya mutane, na daina."

Oforiwaa ta sami Nyantakyi a asibiti, kafaɗarsa a ɗaure, gefen fuskarsa a kumbure. Ta tsaya a ƙarshen gadon da ƙafafunsa suka zarce, hannunta a aljihu yana juya kofuna biyu na gwangwanin hagu.

"Haba, yarinyar Kawu, wa ya mutu?" ya ce, yana murmushi da rabin baki. "Ƙashi ne, zai haɗe. In ma kuskure ne, kowa yana yi. Ni abin da ya dame ni, in kuka gano matsalar, da wane dalili zan riƙa zuwa Ejisu?"

Nan hawayen suka ƙwace mata. Ta ajiye kofunan a kan zanin gadon.

"Yaya Nyantakyi, daga nan wajen Kawu zan je, ya mayar da allonsa. Kai kuma na yi maka alkawari, in ina son ganinka, da bakina zan faɗa. Ba zan ƙara ɗaukar maka na gwangwanin dama da gangan ba."