Kwalabe Goma Sha Ɗaya a Bayan Rumbu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Masanin abin da ƙiraza suke ɓoyewa, Wanda Yake ganin aibin bawa kuma Ya suturta shi.

Ndirangu ya zazzage buhun a kan tebur, ƙananan kwalaben giya na roba suka gangaro, ɗaya ta kifar da kofin shayin ƙanensa Gachanja.

"A bayan rumbun masara na tsince su," in ji shi. "Goma sha ɗaya. Wata bakwai ba ka sha ba, ko? Waliyyin garin Othaya! Miƙo mini makullin motar."

Gachanja ya miƙe tsaye.

Shekara tara ya yi yana sha, har haƙorinsa na gaba ya gutsure saboda da shi yake ɓalle murfin kwalba. A watan Janairu shi da sauran direbobin da suke dakon madara suka yi gasa a tsakaninsu: kwana talatin babu giya. Ranar talatin da ɗaya kowa ya koma mashaya domin murnar nasara. Shi kaɗai ya wuce ta ƙofar bai shiga ba, saboda ya lura hannunsa ya daina rawa a kan sitiyari. Ganin haka yayansa ya mayar masa da motar da mahaifinsu ya bari, bisa sharaɗi guda: ranar da ya sake kurɓa, za a karɓe ta a sayar.

Tun daga nan ya zama wani mutum. Ya gyara rufin ɗakin girki. Ya karɓi kwandon tsinkar ganyen shayi daga mahaifiyarsu Nyambura, wadda shekara arba'in na wannan aiki suka lanƙwashe mata yatsu, har ba ta iya murɗe murfin man girki. Idan yana gida shi yake buɗe mata. Idan ba ya nan sai ta tsaga murfin da wuƙa, ya sha yi mata faɗa a kan haka. Abu ɗaya ne bai iya rabuwa da shi ba, shi ne zafin zuciya.

"Yaya, ka ji tsoron Allah," in ji shi. "Kwana ɗari biyu da tara! Kowace rana na ƙirga ta. Na wuce mashaya abokaina suna kirana limamin madara, na haɗiye. A bikin 'yarka na zauna da lemo kamar ɗan makaranta. Sai yau ka zo mini da shara a buhu?"

"To awaki ne suka sha?"

"Kai ka zuba su! Tun bara kake neman hanyar sayar da motar Baba."

Ndirangu ya yi dariyar da ba ta da daɗin ji. "Ni? Ina da lokacin yawon tsintar kwalabe? A nan ka saba jefar da su shekara da shekaru, ko wurin ba ka sauya ba."

Nyambura tana zaune kusa da murhu, ta ɗaure kai da ɗankwali saboda ciwon kan da yake damunta kowace safiya tun rasuwar mijinta. Ta tauna kanumfarin da ke bakinta, ta ce a hankali, "Ndirangu, ƙyale ƙanenka. Kwashe su ka zubar, magana ta wuce."

"Ba za ta wuce ba, Mama! Ke kika lalata shi. Kullum ke ce mai riga kowa zuwa bayan rumbu ki share masa kwalabe, kada a gani. Da ban zo duba masara ba, da waɗannan ma sun bi sawu."

Ta sunkuyar da kai, ba ta ƙara cewa komai ba.

Wannan shirun ne ya fi ƙona Gachanja. Ko ita ba ta ce bai sha ba. Ita da take ganinsa yana fita da asuba idonsa garau, yana dawowa da ƙafafunsa. Jini ya hau masa kai. Ya wawuri kwalba ɗaya, ya ɗaga hannu domin ya jefi fuskar yayansa da ita.

Babban yatsansa ya sauka a kan murfin. Hannun ya tsaya a sama.

Ya sauke shi sannu a hankali, ya dubi kwalbar. Ya ɗauki ta biyu, ya ɗauki ta uku, har ya bi su duka. Sa'an nan ya mayar da su cikin buhun da kansa, ya ƙulle bakinsa, ya ciro makulli daga aljihu ya ajiye a gaban Ndirangu.

"Riƙe shi, Yaya, amma kada ka sayar tukuna. Ba ni wasu kwana talatin. Zan zauna a gida, ba zan je ko'ina ba. Idan ka sake ganin kwalba a gidan nan, motar taka ce."

"Ka amsa ke nan?"

"Na ce ka riƙe makullin."

Ndirangu ya fita yana girgiza kai. Da ƙarar motar ta yi nisa, Gachanja ya jawo kujera zuwa murhu, ya kama lanƙwasassun yatsun mahaifiyarsa masu rawa, ya ce, "Mama, kwana uku na farko su ne masu wuya. Ina nan tare da ke."

A cikin murafen nan goma sha ɗaya babu mai sawun haƙori ko ɗaya. Kowanne da wuƙa aka tsaga shi, kamar murfin man girki.

Allah Ya suturta wanda ya rubuta da wanda ya karanta, Ya ba mu ikon danne fushi a lokacin da muke da gaskiya. Amin.