Mai Fentin Motoci da Kogin Misra

In ji shi da bakinsa, babu zanen da hannun ɗan Adam ya yi tun daga Ɗufana zuwa yau wanda idonsa bai sauka a kai ba. Mai fentin manyan motoci ne, irin masu zana zaki da bishiyar dabino a bayan gingimari. Hannunsa kuwa ba laifi, harshen ne dai ya ɗan fi hannun tsawo. Da aka buɗe ajin yamma na manya a wata makarantar firamare, inda ake koyar da tarihin zane da ƙa'idojin tsara shi, sai ga shi ya ba da suna. Ba don ya koya ba, a cewarsa, sai don ya ga ko malamar ta iya. Gaskiyar magana, ya ji ƙishin-ƙishin cewa ranar kammalawa malama za ta zaɓi ɗalibi guda ta danƙa masa katangar makaranta, wadda ke kallon titi, ya ƙawata ta ya sa sunansa a ƙasa. Shekara ashirin zanensa na gudu a kan kwalta yana shan ƙura, ba wanda ya san mai shi. So yake ko sau ɗaya aikinsa ya tsaya wuri guda, a nuna da yatsa a ce wane ne ya yi.

Tsakanin la'asar da magariba ake zaman. Sai a rufe tagogi, malama ta kunna majigi, haske ya ratsa ta kan manyan mutane da suka takure a bencin yara: ga tela, ga magini, ga wata tsohuwa mai zanen ƙwarya. Nan take bango ya buɗe kamar ƙofar mafarki. Shanun da mutanen farko suka zana a kogon dutse su fito kiwo a inda da safe ake rera abacada. Kawunan yumɓu na Nok su zuba wa jama'a ido ba ƙiftawa. Rubutun ado na tsoffin masallatai ya yi ta lanƙwasa kamar hayaƙin turaren wuta. Malama tana bi a hankali tana nuna inda ido ke fara sauka, da yadda dama ke ɗaukar nauyin hagu kamar mangalar jaki, da launin da ke ɗumi da wanda ke sanyi. Duk hoton da ya fito, gogan naka sai ya ja numfashi ya ce, "Allah sarki, na tuna wurin nan." Alhali iyakar tafiyarsa Jibiya, ita ma a kan buhunan albasa. Tun ana murmushi har aka fara waiwayo shi in an ga abin mamaki, shi kuma ya fara jin ƙamshin katangar nan a hancinsa.

Ran nan ruwan sama ya sa rufi yoyo, aka juya majigi zuwa ɗaya bangon. Hoton da ya fito daga wani tsohon kabari ne na Misra: jirgin ruwa siriri, tsuntsaye sun tashi daga cikin ciyayi, mutane sun jeru kowa fuskarsa a gefe. Malama ta tambaya, me ke jan ido a hoton nan, ya kai shi daga sama zuwa ƙasa? Mai fenti ya miƙe ya gyara hula. Ya nuna wani baƙin layi siriri da ya gangaro yana karkacewa ta tsakiyar jirgin, ya ce ai wannan shi ne kogin Nilu, kuma shi ne ran hoton gaba ɗaya. Ya ce da gashin bakin kyanwa guda ɗaya tal aka ja shi. Ya ce shi da ƙafarsa ya sauka matakala arba'in cikin ƙasa, da 'yar fitila a hannu, sanyi na ratsa shi, har ya tsaya gaban kogin nan. Mai gadin wurin ya ce masa ya kara kunne, ya kara, sai ya ji ruwa na gudu can ciki, da kukan tsuntsayen da suka mutu shekara dubu uku. Ya lumshe ido yana faɗi, muryarsa ta yi laushi, har shi kansa ya soma jin danshin a kumatunsa. Tela ya saki baki. Malama kaɗai ke ta duba littafinta tana ɗago kai tana kallon bango, tana sake dubawa.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Wani ya tura taga, hasken yamma ya shigo. Jirgi ya tafi, tsuntsaye sun tafi, mutanen Misra sun koma inda suka fito. Kogi kaɗai ya rage a bango, tururuwa na hawa da sauka a cikinsa. Magini ya tashi ya zura ɗan makullinsa a ciki, ƙasa ta zubo.

"Maigida," in ji shi, "wannan kogin naka tun bara hedimasta ke bina in zo in toshe shi da siminti."

Tsohuwa mai zanen ƙwarya ta gyara mayafi ta ce, "Kafin a toshe, ɗan nan, kara kunne ka ji mana ko ruwan bai janye ba."

Malama ta ja biro ta soke sunan mai fenti cikin takardarta. Shi ya sa Hausawa suka ce, ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.