Ragon Shef

Ɗalibar tana buɗe farantan gwaji a labo, ɗakin binciken asibitin Madawa, wari ya mare ta. Ƙwayoyin cutar da maganin zai kashe sun tofo kamar funfuna bisa kwantan tuwo, ga shi jibi za ta kai aikinta gaban malamai a birnin Tawa.

“Resistans ce, ɗiyata, cuta ta daina jin magani,” in ji shef, shugaban labon, yana gyara tabarau. “Madawa ta gano abin da ya gagari Turawa. Ko kuwa ke kinka cika ruwa wurin sirkawa.”

Ta ɗaga kwalbar maganin. Cike take fal, amma maganin ya dishe kamar ruwan ɗaurayar kwano. Shef kaɗai ke riƙe da makullin inda ake aje ta.

Ta taga ta hango ragon layyar shef, wanda gudawa ta kwantar makon jiya, yana tuƙar harawa, jiki sai sheƙi.