Bugun da Bai Lafa Ba

"Bai mutu ba, Yaya!" in ji Safara'u, tana riƙe da wuyan hannun mijinta Ɗayyabu. "Ga jijiyarsa nan tana bugawa!"

Mamman, wan mijin, ya sunkuyar da kai. Jikin Ɗayyabu ya riga ya yi sanyi.

Malamin asibiti ne ya kawo ƙwayoyin ciwon zuciyar daga Tudun Wada. Safara'u matar kulle ce, ba halin ya nuna mata da hannu, sai daga zaure ya ɗaga murya: kullum ta taɓa jijiyar. In tana gudu, ta ba shi ƙwaya. In ta lafa, kada ta kuskura, maganin zai tsayar da zuciyar.

Kullum kuwa gudu take ji. Ɗayyabu yana amai yana ramewa, tsoronta yana ƙaruwa, bugun yana ƙaruwa, tana ɗura masa ƙwaya.

Mamman ya zare hannun gawar a hankali. Safara'u ta dafa ƙafar gado, ta danna babban yatsanta yadda ta saba.

Itacen ma yana bugawa, da gudu.

Ashe tun farko zuciyarta take ji.